Yadda Na Sauke Injin Motar Tserena a Ingila, da Abin da Na Gyara Kafin Ya Koma

Motar BMW ce, 328i ƙirar E36 ta shekarar 1996, mai ƙofa biyu. Injinta M52 ne, silinda shida a jere, cc 2,793, ƙarfin doki 193 ranar da ta baro kamfani. Na saye ta ne saboda ranakun da filayen tseren mota na Ingila suke buɗe wa irinmu ƙofa, ka biya kuɗi ka shiga ka yi ta zagaye, ba gasa ba ce, ba a ma yarda ka riƙe agogo ba. A filin Snetterton da ke yankin Norfolk injin ya buga. Akwai wata doguwar kwana ta hannun dama da ake kira Coram, wadda mota take daɗewa a kishingiɗe cikinta. A nan fitilar baƙin mai ta yi ƙyaf ta ɗauke, kafin in kammala zagayen na fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, tana bin totur, in na taka ta ƙaru, in na saki ta lafa. Na gangara gefe na kashe. Wanda duk ya taɓa jin wannan ƙarar ba ya buƙatar a faɗa masa metal ya tafi, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin hannun fistan da kiranshaf, babbar sandar da fistan ke juyawa.

Kuɗin farko da ya fita na motar janwe ne, wajen fam 250, domin yawancin kamfanonin da ke ɗauko mota in ta lalace a hanya ba su ɗaukar nauyin wadda ta mutu a filin tsere, inshorar yau da kullum ma ba ruwanta. Da na ga aikin zai ci watanni, sai na shiga shafin DVLA, hukumar rajistar motoci, na yi abin da suke kira SORN, wato sanarwar cewa motar ta sauka daga titi. Kyauta ne, minti kaɗan yake ɗauka da lambar da ke jikin takardar mota ta V5C, kuma suna mayar maka da ragowar kuɗin harajin titi na cikakkun watannin da suka rage. Sharaɗin kawai kada a ga motar a kan titin gwamnati, ko da a ajiye ne ƙofar gida. Shi ya sa na kai ta garejin wani dattijo ɗan Kaduna da nake kira Baba, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kanikanci a Panteka kafin ya zo ƙasar nan. Na zo masa da jerin kayan da nake son saya, har da kamshaf, wato sandunan da ke buɗe bawul, masu ƙara gudu. Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Ɗana, ba a sayen likkafani sai an ga gawa. Mu buɗe tukuna."

Saukar da injin ba ta da wani labari, sai dai haƙuri. Kowace waya da kowane tiyo mun manna masa tef mun rubuta inda ya fito, notuna kuma kowane rukuni da ledarsa. Mun cire gaban motar gaba ɗaya, muka jawo inji da giyabos tare a haɗe, wanda ya fi sauƙi a wannan ƙirar fiye da ɗaga shi ta sama. Wurin da ake taka-tsantsan shi ne kwance kamshaf. Na wannan injin cikinsu rami ne, in ka sassauta notunan gefe guda ka bar sauran a ɗaure, sifirin na bawul zai iya karya shi gida biyu. A hankali ake bi, kwata-kwatan juyi, ana zagayawa.

Da muka cire kaskon baƙin mai da ke ƙasa, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a cikin sauran man. Metal ɗin hannun fistan ɗaya ya juya a mazauninsa, ya yi baƙi ya baje, ya kuma zazzaga layuka a jikin kiranshaf da farce yake kamawa. Dalilin bai ɓuya ba. Kaskon da kamfani ya sa an yi shi ne don tuƙin titi. In mota ta daɗe cikin kwana da taya mai kama ƙasa, man yakan gudu ya taru gefe guda, bakin bututun famfo ya zuƙi iska. Daƙiƙa biyu ko uku a haka, inji na juyi dubu shida a minti, sun isa. Fitilar da ke gaban direba kuwa sai matsin mai ya faɗo zuwa wajen rabin bar (awon matsi ne) take kamawa, alhali injin mai lafiya yana kusan bar huɗu in yana gudu. Kafin ta yi magana ɓarna ta riga ta faru.

Abu na biyu da muka gani shi ne wanda ya fi sauya lissafi. Bulok ɗin M52 da aka sayar a Turai na alminiyam ne, kuma na shekarun farko ba su da hannun riga na ƙarfe a cikin silinda, wani shafe ne kawai mai suna Nikasil. Man fetur mai yawan sulfa da ake sayarwa a Birtaniya a wancan zamani ya cinye wannan shafen a motoci da dama, har kamfanin ya sauya wa mutane bulok, sannan daga 1998 ya koma sa hannun riga na ƙarfe. Tawa ba ta cikin waɗanda aka sauya wa. Baba ya haska tocila cikin silinda ta tsakiya, ya nuna mini inda shafen ya dusashe daga sama. Irin wannan ba a yi masa borin yadda aka saba a sa fistan mai girma, domin in ka yanke shafen alminiyam tsirara ka rage. Ko dai a aika a sake shafawa, ko a dasa hannun riga, ko a nemi wani bulok. Da na tambayi farashin biyun farko sai na koma neman na ukun.

A nan nake son mai irin wannan motar ya buɗe ido. Masu sayar da kayan tsofaffin motoci sukan rubuta "M52 2.8" kawai, alhali iri biyu ne. Akwai wanda aka sabunta, mai TU a ƙarshen sunansa, da ya zo a motoci ƙirar E46 da E39 na baya-baya, mai VANOS, wato na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul, a kamshaf biyu. Ba shi kake nema ba, kansa da hanyoyin ruwansa daban ne. Wanda kake so shi ne mai VANOS ɗaya amma mai hannun riga na ƙarfe, irin na E36 ɗin ƙarshe. Wani mai shago ya rantse mini ta waya cewa nasa shi ne, da na nemi ya ɗauko hoton saman bulok da lambar inji sai ya daina ɗaukar waya. Wanda na saya daga ƙarshe, a kan fam 300 tare da kiranshaf ɗinsa, sai da na je na gani da idona, zoben ƙarfen yana fitowa sarai a bakin kowace silinda. Na kuma tsaya kai da fata sai an rubuta mini rasit mai ɗauke da lambar injin da girmansa, a kan takardar shagon. Mai shagon ya yi ta mamakin naci na, amma wannan takardar ta yi mini rana daga baya.

Daga nan sai wurin masu injinan gyaran ƙarfe. Na kai musu bulok, kiranshaf, hannuwan fistan da kan inji, wato top silinda. Mutumin da ya karɓa bai yi mini alƙawarin komai ba, ya ce sai sun wanke sun auna za su kira ni, kuma akwai layi a gabana. Lokacin sanyi ne, sa'ad da duk masu motocin tsere suke sauke injinansu kafin kakar tsere ta gaba, don haka abin da aka ce mako uku sai da ya haura wata biyu. Wannan jiran shi ne mafi ɗaci a duk aikin. Mota tana kan jak baki buɗe, kuɗin haya na gareji yana tafiya, uwargida tana tambaya ko dai an sayar da ita ne ba a faɗa mata ba. Da kiran ya zo, labarin bai yi muni ba: silinda suna cikin awo, gogewa kawai suke so da sababbin ringi, kiranshaf ɗin da ya zo da bulok bai buƙaci yanka ba, sai sheƙi, kan inji an gwada shi da matsin ruwa bai tsage ba, amma ya ɗan lanƙwashe, sai an share fuskarsa. Tun da an rage masa kauri, muka sayi gasket ɗin gyara da ya fi na asali kauri da milimita 0.3.

Akwai ayyuka biyu da na biya a wurin waɗanda ba su cikin lissafina na farko. Na ɗaya, ramukan boltin kan inji. A bulok na alminiyam da ya taɓa yin zafi, zaren ramin yakan sake, sai kana tsakiyar ɗaure bolti ka ji ya tafi salamun-salamun, ya taho da zaren. Boltin nan goma sha huɗu ne, ana ɗaure su da awo sannan a ƙara musu juyin digiri 90 har sau biyu, kuma a wannan juyin na ƙarshe abin yake faruwa. Tun da ban san tarihin bulok ɗin ba, na sa aka dasa zaren ƙarfe na Time-Sert a dukkansu. Na biyu, na zaɓi boltin hannun fistan na kamfanin ARP maimakon na BMW, sai mutumin ya ce in haka ne dole a ɗaure su a sake daidaita zagayen ramin, domin ƙarfin matsinsu daban ne, ramin zai iya tashi daga da'ira. Duka aikin wurin ya tsaya mini kusan fam 1,000.

Jiran bai tafi a banza ba, kuma a ganina a nan ne ainihin ribar sauke inji take. Duk abin da hannu ba ya kai wa sai an ɗaga inji, yanzu ga shi a fili. Gindin gaba da injin yake zama a kai yana da kunnuwa biyu da sukan yage a motar da ake wahalarwa, muka sa aka yi musu waldar faranti. Muka sauya robobin da injin ke zama a kansu, da tiyon hita na jikin bango, da robar da ke haɗa sandar sitiyari, da robar da ke tsakanin giyabos da farfela. Giyabos ɗin na ZF ne mai giya biyar, yana da wata 'yar cuta ta sandar giya ta riƙa jingina wajen giya ta biyar in da sanyi, wasu ƙananan fil ne da bushin ke kawo ta, kuma sai an sauke shi ake kai musu. Kayan ba su kai fam 50 ba. A bayan motar ma mun leƙa mazaunin shokazoba da inda hannun tayar baya yake kama jikin mota, wuraren da E36 ta yi suna wajen tsagewa. Kuloci sabo na sa. Fulawil kuma, wato faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, na yi ta kai-kawo a kansa: na kamfani mai nauyi ne mai hawa biyu, marar nauyin yana sa inji ya tashi da wuri amma giyabos ya riƙa kaɗa haƙora in mota na tsaye. Na zaɓi marar nauyin, tun da ba mai barci a cikin motar.

Wajen sanyaya inji ban yi ciniki da kaina ba. Lagireto mai wuyan roba, tankin ruwa na roba, gidan tamostat na roba, famfon ruwa da na asalinsa fukafukin roba ne, duk sun kusa shekara talatin suna dahuwa. Na kwashe su duka. Fankar da inji ke juyawa ma na cire na sa ta lantarki, domin fukafukanta in sun tsufa sukan tarwatse a gudu su huda lagireto da boneti. Wannan sashen ya ci wajen fam 500.

Sai maganin ciwon da ya kawo mu. An yi waldar faranti masu 'yan ƙofofi a cikin kaskon mai, waɗanda ke barin mai ya gangaro wajen bakin famfo amma su hana shi komawa. Sannan notin da ke riƙe da haƙorin famfon mai, wanda duk mai inji M50, M52 ko M54 da ke shiga fili ya san labarinsa. Noti ɗaya ne tak, zarensa na hagu ne, kuma girgizar inji a babban juyi takan kwance shi. In ya faɗi famfo ya tsaya cak, babu gargaɗi. Nawa na same shi a ɗaure, amma ba a mayar da inji a bar shi haka. Wasu walda suke ɗiga masa, mu muka sa wanda aka huda, da gam ɗin zare, muka ɗaure shi da waya a jikin haƙorin. Baba ya murɗa wayar da filaya, ya ja ta da yatsa, ya kwance ya sake, wai ta farkon tana ja ne ta ɓangaren kwancewa. Tun da zaren na hagu ne, ido yakan ruɗe. Na kuma sa agogon matsin mai da na zafinsa a gaban sitiyari, da wata babbar fitila ja da aka saita ta kama tun matsin bai faɗi ƙasa sosai ba.

Haɗa injin aiki ne na tsabta kafin komai. Garin ƙarfen metal ɗin da ya mutu ya zaga ko'ina mai yake bi, don haka gidan filta, da na'urar VANOS, da tafet ashirin da huɗu masu danna bawul duk sai da aka warware aka wanke, famfon mai kuma sabo muka sa. VANOS ɗin ya samu sababbin robobi tun da yana hannu. Kowane metal mun auna shi da Plastigauge, wani siririn zare mai kama da kakin zuma da ake ɗorawa a kan kiranshaf, a ɗaure murfi da awonsa, a kwance, a gwada faɗin da ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Abin da ake nema tazara ce tsakanin kusan 0.02 da 0.05 na milimita. Baba yana kallo yana girgiza kai, ya ce a zamaninsu hannu ne ma'auni, in kiranshaf ya juya da yatsa biyu ba tare da ya yi sako-sako ba, shi ke nan. Amma shi ya fi ni dagewa a rubuta kowane awo a littafi.

Daga dogon jerin nan nawa na kayan ƙara gudu, abu ɗaya ne ya tsira: manifol ɗin shan iska na tsohon injin M50, wanda bututunsa sun fi na M52 faɗi. Yana buɗe wa injin numfashi a sama, yana ɗan rage masa ƙarfi a tsakiya, kuma yana buƙatar 'yan kayan haɗi saboda bawul ɗin silo da bututun numfashin inji ba wuri ɗaya suke ba. Kamshaf ɗin da na ƙwallafa rai a kansu na haƙura, kuɗinsu ya tafi birki: sababbin faifai, fad masu jure zafi, tiyo masu rigar waya, da man birki na Motul RBF 600 da ke kai maki 312 na Salsiyas kafin ya tafasa, inda ƙa'idar man birki ta DOT 4 ta tsaya a 230. Ban kuma bari an ɗaga iyakar juyin injin daga inda kamfani ya ajiye ta ba, ko da mai saita kwamfutar motar ya ce abu ne na minti ɗaya.

Ranar tayarwa, mun zuba man gwaji na ma'adini, ba na roba ba, domin ringi su samu su zauna. Muka cire fulogi da fis ɗin famfon fetur, muka yi ta juya inji da sitata har allurar matsin mai ta motsa. Sannan aka mayar da komai, na murɗa makulli hannuna na rawa. Ya kama a bugu na biyu, tafet suna ta kaf-kaf kamar keken ɗinki, Baba ya ɗaga mini hannu wai in bar su, mai ne bai gama cika su ba. Can kuwa suka yi shiru.

Saura takardu. Tun da lambar inji ta sauya, na cike sashen da ya dace a V5C na aika wa DVLA ta gidan waya tare da rasit ɗin nan, sabuwar takarda ta dawo bayan 'yan makonni. Kamfanin inshora na lissafa musu duk abin da aka sauya, har fulawil da manifol, domin abin da ka ɓoye shi zai zama hujjar ƙin biyanka. Suka ƙara kuɗi kaɗan. Motar da ke kan SORN an yarda ka tuƙa ta zuwa gwajin lafiyar mota na MOT in ka riga ka kama lokaci kuma tana da inshora. Motar 1996 sai da na'urar tace hayaƙi take cin gwajin, don haka masu cire ta daga salansa su san da wannan. Bayan ta ci na biya harajin titi, na yi kusan kilomita dubu a hanyoyin karkara, ina hawa da sauka da juyin inji, ba na barinsa a wuri ɗaya, ba na kuma danne shi. Na zubar da man farko da wuri, muka yanka filta muka baza takardarta a rana, ba wani ƙyalli. Injin yana shan lita shida da rabi, kuma masu shiga fili da shi da yawa sukan ɗora rabin lita a kai.

Jimillar abin da na kashe ta doshi fam 4,500, ban da ladan Baba da ya ƙi yankewa sai da na haɗa shi da Allah. Kusan rabin kuɗin bai shiga cikin injin ba, ya tafi ne ga abubuwan da ke kewaye da shi. Wanda zai yi irin wannan aikin, ya kai ƙarafansa wurin awo kafin ya sayi ko da ringi ɗaya ne, domin girman metal, da kaurin gasket, da ko bulok ɗin ma zai yi, duk daga bakin mai awo suke fitowa. Ya kama layi tun kafin ya kwance noti na farko in lokacin sanyi ne. Ya kuma ajiye kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa bai ba shi suna ba.

Fitar farko na kai ta Bedford Autodrome, fili mai faɗin gefe da ba ka cika samun bango kusa ba, sai dai suna da tsanani a kan ƙara. Da safe aka duba lasisi, aka yi mana bayani, aka ɗaura mana abin hannu, sannan wani ya tsaya bayan motar da na'ura rabin mita daga bakin salansa ya ce in ɗaga inji zuwa kashi uku cikin huɗu na iyakarsa. Ta wuce da ɗan rata. Na riƙa yin zagaye kaɗan-kaɗan ina fitowa in buɗe boneti, idona rabi a hanya rabi a agogo. A dogayen kwanoni allurar matsin mai ba ta sauko ƙasa da bar uku ba, amma zafin man ya riƙa haura maki 125 in na daɗe a ciki. Don haka aikin da ke gaba shi ne na'urar sanyaya baƙin mai, kuma ita ba sai an sauke inji ake sa ta ba.